Ɗalibin Jami'a a Gaban Kwamitin Ladabtarwa: Abin da Doka Ta Tanada

GABATARWA

Kowace shekara, a jami'o'in ƙasar nan, akan kira ɗalibai gaban kwamiti bisa zargin sun karya dokar makaranta. Wani a ce an kama shi da 'yar takarda a ɗakin jarrabawa, wani a ce da takardar shaida ta jabu ya shiga jami'a, wani a ce yana cikin ƙungiyar asiri, wani kuwa a ce da hannunsa cikin tarzoma. A cikinsu akwai masu laifi, akwai kuma waɗanda tsautsayi ya rutsa da su. Amma abin da kowannensu ke tsoron rasawa iri ɗaya ne, watau shekarun da ya yi yana karatu, da dukiyar da iyaye suka kashe, da mutuncin gidansu. Wanda aka kora saboda rashin ɗa'a yakan sha wuya kafin wata jami'a ta karɓe shi.

An shirya wannan ɗan littafi domin ɗalibai da iyayensu su san abin da doka ta ba su, da abin da ba ta ba su ba. A birnin Bauchi akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1984, sa'an nan ta koma cin gashin kanta a 1988. Magidancin da ke zaune a unguwar Gwallaga, wanda ɗansa ke karatu a harabar Yelwa ko ta Gubi, da takwaransa na Sakkwato ko na Fatakwal, Tsarin Mulki guda ne ya rufe su. Saboda haka bayanin da ke tafe ya shafi kowa da kowa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

1. INA JAMI'A TA SAMI IKON HUKUNTA ƊALIBI?

Kowace jami'ar gwamnati doka ce ta kafa ta, dokar kuwa ita ce ta ba ta ikon ladabtar da ɗalibanta. Dokokin jami'o'in Tarayya kusan bakinsu ɗaya a kan wannan batu. Sun ce idan ya bayyana ga Shugaban Jami'a cewa ɗalibi ya aikata rashin ɗa'a, yana da ikon ɗaukar ɗaya daga matakai huɗu:

(a) ya hana ɗalibin shiga wasu harkokin jami'a ko amfani da wasu kayanta na wani lokaci;
(b) ya taƙaita masa harkokinsa;
(c) ya dakatar da shi daga karatu na wani ƙayyadadden lokaci;
(d) ya kore shi baki ɗaya.

Shugaban Jami'a yana iya danƙa wannan aiki ga kwamitin ladabtarwa, kuma haka galibi ake yi. Har ila yau dokokin sun ba ɗalibin da aka dakatar ko aka kora damar ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Gudanarwa ta jami'ar. Sai dai a lura, shigar da ƙarar ba ya tsai da hukuncin. Yana nan yana aiki har ranar da Majalisa ta yanke shawara.

Baya ga dokar da ta kafa jami'a, akwai littafin ƙa'idoji da akan ba kowane sabon ɗalibi. A ciki ne aka jera laifuffuka da hukuncin kowanne, da yadda kwamiti zai zauna, da wa'adin ɗaukaka ƙara. Ranar da ɗalibi ya yi rantsuwar shiga jami'a ya sa hannu, ya ɗauki alkawarin bin abin da ke cikin littafin nan. Amma kamar yadda ya ɗaure ɗalibi, haka ya ɗaure jami'a. Idan littafin ya ce sai an ba ɗalibi sanarwa a rubuce, to, tilas ne a ba shi.

Wajibi ne kuma a bambanta kora saboda rashin ɗa'a da sallama saboda faɗuwa jarrabawa. Wanda makinsa ya gaza abin da aka ƙayyade ba tuhumarsa ake yi da laifi ba, kuma ba a kansa wannan bayani ya tsaya ba.

2. GINSHIƘAI BIYU NA ADALCI

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin a saurare shi cikin adalci kafin a yanke abin da ya shafi haƙƙinsa ko nauyin da ke kansa. Masana shari'a sun ce wannan haƙƙi a kan ginshiƙai biyu yake tsaye.

Na farko, kada a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa. Wannan ya ƙunshi a gaya masa abin da ake zarginsa da shi filla-filla, a nuna masa hujjar da aka dogara da ita, a ba shi isasshen lokaci ya shirya, sa'an nan a bar shi ya kare kansa.

Na biyu, kada mutum ya zama alƙali a cikin maganar da ta shafe shi. Wanda ya kawo ƙara, ko wanda aka yi wa ɓarna, ko wanda ya ba da shaida, ba shi da wurin zama cikin masu yanke hukunci.

Waɗannan ƙa'idoji ba baƙi ba ne ga mutanen ƙasar nan. Shari'ar Musulunci ta ɗora nauyin kawo hujja a kan mai da'awa, ta kuma hori alƙali da kada ya yanke hukunci sai ya saurari ɓangare na biyu kamar yadda ya saurari na farko. A fadar hakimi ma ba a raba gardamar gona sai masu ita duka sun hallara. A Ingila kuwa, tun a shekarar 1723 wata babbar kotu ta umarci Jami'ar Kambirij ta mayar wa Dokta Bentley digirorinsa, domin an ƙwace su ba tare da an ba shi damar kare kansa ba. A Amurka, a 1961, wata kotun tarayya ta yanke cewa kwalejin gwamnati a Jihar Alabama ba ta da ikon korar ɗalibai ba tare da sanarwa da sauraro ba. Ɗaliban nan baƙar fata ne, an kore su ne bayan sun yi zaman dirshan na ƙin wariyar launin fata.

3. SHARI'AR GARBA DA JAMI'AR MAIDUGURI

A Nijeriya, shari'ar da ta zama madubi a kan wannan al'amari daga Arewa ta fito. Ran 2 ga Fabrairu, 1983, tarzoma ta ɓarke a Jami'ar Maiduguri. Aka ƙona dukiya, aka wawashe kaya, aka ci mutuncin mutane. Hukumar jami'a ta kafa kwamitin bincike, aka ba Mataimakin Shugaban Jami'a shugabancinsa, alhali kuwa shi ma yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Bayan kwamiti ya gama aikinsa, aka kori ɗalibai da dama.

Wasu daga cikin waɗanda aka kora suka kai ƙara Babbar Kotun Jihar Borno, suka ce an tauye musu haƙƙin da sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1979 ya ba su, watau sashen da ya zama na 36 a Tsarin Mulkin 1999. Babbar Kotu ta ba su gaskiya. Jami'a ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wancan hukunci. Ɗaliban ba su karaya ba, suka wuce Kotun Ƙoli, inda Cif Gani Fawehinmi ya tsaya musu. Ran 14 ga Fabrairu, 1986, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, Mai Shari'a Obaseki ne ya karanta babban hukuncin, aka soke korar.

Dalilan kotu uku ne. Na ɗaya, ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar sanin shaidar da aka bayar a kansu da yi wa shaidun tambayoyi ba. Na biyu, wanda aka yi wa ɓarna shi ya shugabanci bincike, watau ya zama alƙali a cikin maganarsa. Na uku, abubuwan da aka zarge su da su, kamar ƙone-ƙone da sata da cin zarafi, manyan laifuffuka ne a dokar ƙasa, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon tabbatar wa mutum irin wannan laifi.

Abin lura a nan shi ne, Kotun Ƙoli ba ta ce tarzoma daidai ce ba, ba ta kuma wanke kowa daga zargi ba. Abin da ta ce shi ne hanyar da aka bi ba ta dace ba, hukuncin da aka gina a kan karkatacciyar hanya kuwa ba ya tsayawa, ko da mai laifi ne ya faɗa ciki. Shekara uku cur ɗaliban suka yi kafin su ga ƙarshen maganar.

4. IYAKAR WANNAN HUKUNCI

Wasu ɗalibai sun ɗauka shari'ar Garba ta ɗaure hannun jami'o'i ke nan. Wannan kuskure ne mai tsada, domin Kotun Ƙoli ta sake duba batun sau da dama, ta nuna iyakarsa.

A shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba, a 2004, an dakatar da wani jigon ƙungiyar ɗalibai bayan an ce an sami kayan ƙungiyar asiri a ɗakinsa. Kotun Ƙoli ta ce jami'a tana da ikon dakatar da ɗalibi kafin a gama bincike domin kiyaye zaman lafiya a harabarta, kuma irin wannan dakatarwa ba tauye haƙƙin sauraro ba ce, tun da ba a riga an yanke masa hukunci ba.

A shari'ar Jami'ar Ilori da Oluwadare, a 2006, an kori ɗalibi bisa zargin maguɗin jarrabawa. Maimakon ya bari Majalisar Gudanarwa ta duba maganarsa, sai ya garzaya kotu. Kotun Ƙoli ta ce ya yi gaggawa, ƙararsa ta faɗi. Ta ƙara da cewa zama ɗalibin jami'a ba ya cikin jerin haƙƙoƙin ɗan Adam da Babi na Huɗu na Tsarin Mulki ya lissafa, saboda haka hanyar da ya bi ya shigar da ƙarar ma ba ita ce ta dace ba.

A shari'ar Magit da Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, a 2005, kotu ta nuna cewa auna ingancin aikin ɗalibi da yanke wanda ya cancanci digiri aikin Majalisar Malamai ta jami'a ne. Alƙali ba ya zama malami ya ba da maki.

Amma wannan ma yana da iyaka. A shari'ar Jami'ar Ilori da Adesina, a 2014, wata ɗaliba da aka taɓa hukunta saboda zanga-zangar ɗalibai, aka kuma yafe mata, ta gama karatu amma aka riƙe sakamakonta. Kotun Ƙoli ta nuna cewa ba da digiri daban, riƙe sakamakon jarrabawa ba da dalili ba daban, kuma kotu tana da ikon shiga magana ta biyun. Ɗalibar ta yi nasara.

Idan aka tattara waɗannan hukunce-hukunce, darasinsu shi ne: jami'a tana da cikakken ikon ladabtarwa, kotu ba ta son tsoma baki a harkar ilmi, amma za ta shiga duk inda aka kauce wa adalci ko aka tsallake doka, muddin ɗalibi ya fara bin matakan cikin gida.

5. IDAN TAKARDAR TUHUMA TA ISO

A ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar aji uku, wadda iyayenta ke zaune a Gwallaga. Ana cikin jarrabawa sai mai tsaron ɗaki ya tsinci takarda mai rubutu a ƙarƙashin kujerarta. Ta ce ba tata ba ce. Me ya kamata ta yi?

Da farko, ta riƙe hankalinta. Kada ta yi gardama da ɗaga murya, kada ta yaga takardar ko ta ɓoye ta, domin a ƙa'idojin jami'o'i da yawa lalata shaida laifi ne mai zaman kansa, haka nan ƙin cika fom ɗin rahoto. Idan aka ba ta fom, ta karanta shi tsaf, ta rubuta abin da ya faru da hannunta, a taƙaice, ta faɗi inda aka sami takardar da lokacin da aka same ta. Kada ta sa hannu a farar takarda, kada kuma ta amsa laifin da ba ta yi ba domin wani ya ce mata amsawa za ta sa a yi mata sassauci. Abin da aka rubuta a ranar nan shi zai bi ta har Kotun Ƙoli, in magana ta kai can.

Na biyu, ta sanar da iyayenta ran nan. Ɗalibai da yawa kunya takan sa su ɓoye, sai takardar kora ta fito sa'an nan gida ya ji, lokacin da wa'adin ɗaukaka ƙara ya kusa ƙarewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, ta buɗe littafin ƙa'idoji ta nemo sashen da ake tuhumarta a kansa, da hukuncinsa. Idan takardar gayyata ba ta bayyana laifin ba, ko ta zo a ƙurarren lokaci, sai ta rubuta wa sakataren kwamiti cikin ladabi ta nemi bayani ko ƙarin lokaci.

Na huɗu, ta tattara hujjojinta: sunayen waɗanda suka zauna kusa da ita, samfurin rubutun hannunta domin a gwada da na takardar da aka tsinta, da duk wani saƙon waya da ya shafi maganar. Kowace takarda da ta miƙa, ta ajiye kwafinta, ta kuma nemi a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata.

6. RANAR ZAMAN KWAMITI

Babban kuskure shi ne ƙin halarta. Doka ta ce a ba mutum dama ne. Wanda aka ba dama ya ƙi amfani da ita ba shi da bakin cewa an hana shi. Idan rashin lafiya ko wani uzuri mai ƙarfi ya hana ɗalibi zuwa, ya aika da takarda tun kafin ranar, tare da shaidar likita.

A gaban kwamiti, ɗalibi yana da damar ya nemi waɗannan abubuwa:

(a) a karanta masa tuhuma, a nuna masa rahoton da aka rubuta a kansa da kayan da aka ce an kama;
(b) a ba da shaida a gabansa, ko a gaya masa abin da shaidu suka faɗa;
(c) a bar shi ya yi wa mai zarginsa tambayoyi;
(d) a saurari shaidunsa;
(e) wanda ke da hannu a maganar ya janye daga cikin masu yanke hukunci;
(f) a rubuta roƙonsa cikin bayanan zama, ko an amince ko an ƙi.

Kalmar "nema" tana da nauyi a nan. A shekarar 1960 an yi wata shari'a tsakanin Jami'ar Silon, ƙasar da ake kira Siri Lanka yau, da wani ɗalibi mai suna Fernando, wanda aka zarga da sanin tambayar jarrabawa tun kafin a shiga ɗaki. Wata ɗaliba ce ta ba da shaida a kansa ba ya nan, amma an gaya masa abin da ta ce. Da magana ta kai gaban manyan alƙalai a Landan, sai suka ba jami'a gaskiya, domin bai taɓa neman a kawo ta ya yi mata tambaya ba. Wanda ya yi shiru a gaban kwamiti, da wuya kukansa ya karɓu a gaban kotu.

Idan kuwa ɗalibi ya san ya yi laifin, gaskiya ita ce mafita. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yana iya amsawa, ya bayyana halin da ya kai shi, ya nuna wannan ne karo na farko, ya roƙi sassauci. Amma ya sani, wanda ya amsa laifi da bakinsa ba tare da tilas ba, ya rufe wa kansa ƙofar musu daga baya. Saboda haka ya nemi shawara kafin ya buɗe baki.

7. MATSAYIN LAUYA

Sashe na 36(6) na Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma da laifi damar kare kansa da kansa ko ta bakin lauyan da ya zaɓa, da damar samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Wannan tanadi domin shari'ar laifi aka yi shi. Kwamitin jami'a kuwa ba kotu ba ne, saboda haka shigar lauya ɗakin zama ya danganta ga ƙa'idojin kowace jami'a. Ɗalibi yana iya nema a rubuce; idan aka ƙi, ya ajiye amsar.

Amma babu dokar da ta hana ɗalibi ganin lauya kafin zama. A nan ne ma amfanin lauya ya fi yawa: ya karanta ƙa'idoji, ya taimaka wajen tsara amsa, ya nuna tambayoyin da za a yi wa shaidu, ya rubuta takardar ɗaukaka ƙara, ya kuma kiyaye wa'adi.

Wanda ba shi da halin biyan lauya yana da ƙofofin da zai ƙwanƙwasa. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, take kuma aiki a ƙarƙashin dokarta ta 2011, domin taimakon marasa ƙarfi. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 domin binciken rashin adalci a ma'aikatu da hukumomi. Dukansu suna da ofisoshi a manyan biranen jihohi, har da Bauchi. Bugu da ƙari, rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya sukan taimaka wa marasa hali, tsangayoyin koyar da shari'a na wasu jami'o'i, kamar na Zariya da Maiduguri, suna da ofisoshin ba da shawara kyauta.

8. IDAN MAGANA TA KAI GA 'YAN SANDA

Wasu laifuffukan makaranta laifuffuka ne kuma a dokar ƙasa. Dokar Maguɗin Jarrabawa mai lamba 33 ta 1999 ta haramta satar amsa, da satar takardar tambayoyi, da sojan gona, watau wani ya zauna jarrabawa a madadin wani. Hukuncin satar amsa ga wanda bai kai shekara 18 ba shi ne tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyu; ga baligi kuwa ɗaurin shekara 3 ne ba zaɓin tara. Kafin wannan doka, dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ɗaurin shekara 21 ta tanada. Haka nan yin takardar jabu, da shiga haramtacciyar ƙungiya, da fyaɗe, da ƙone dukiya, duk kotu na iya hukunta su, ko jami'a ta ɗauki nata matakin ko ba ta ɗauka ba.

Ɗalibin da aka kama yana da kariyar sashe na 35 na Tsarin Mulki. Yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Tilas a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24. Tilas a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu ko lokacin da kotu ta ga ya dace. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, watau ba a tsare uba saboda ɗa. Dokar 2017 kuma ta haramta azabtarwa domin tilasta amsa laifi. Sashe na 36(5) ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar.

9. ƊAUKAKA ƘARA DA ZUWA KOTU

Idan hukunci ya fito, ɗalibi ya karɓi takardarsa, ya duba kwanan watan da ke kanta, ya shigar da ƙara gaban Majalisar Gudanarwa cikin wa'adin da ƙa'ida ta yanka, ta hannun Magatakardan Jami'a. Takardar ta kasance gajera, mai ladabi, ta jera dalilai ɗaya bayan ɗaya: ba a ba da sanarwa ba, ko ba a nuna hujja ba, ko mai ƙara ya zauna cikin alƙalai, ko hukuncin ya wuce abin da littafi ya tanada, ko wata sabuwar shaida ta fito. Zagi da barazana ba su taɓa gyara irin wannan takarda ba.

Sai an gama da wannan mataki sa'an nan a tunkari kotu. Ƙarar da ke ƙalubalantar matakin jami'ar Tarayya galibi Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, bisa sashe na 251 na Tsarin Mulki, kuma kotun tana da reshe a Bauchi. Ta jami'ar jiha kuwa Babbar Kotun Jiha ake kai ta. A kula da lokaci ƙwarai: Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ƙayyade wata 3 kacal domin shigar da ƙara a kan matakin da hukuma ta ɗauka. Ƙa'idojin 2009 na neman haƙƙin ɗan Adam ba su da irin wannan wa'adi, amma kamar yadda shari'ar Oluwadare ta nuna, ba kowace ƙara ce ke bi ta wannan ƙofa ba. Zaɓen ƙofar da ta dace aikin lauya ne.

Ya kamata kuma a san abin da kotu ke bayarwa. Idan ta ga an kauce wa adalci, takan soke hukuncin, ta ba da umarnin a mai da ɗalibi ko a saki sakamakonsa. Wannan ba lalle ne ya hana jami'a sake zama ta bi hanyar da ta dace ba. Shari'a kuma tana cin lokaci da kuɗi. Saboda haka ƙoƙarin da aka yi tun a gaban kwamiti ya fi wanda za a yi daga baya araha.

10. JAN HANKALI

Ga iyaye: kada a bi ta bayan gida. Kai wa ɗan kwamiti toshiyar baki laifi ne da ke iya jefa uba da ɗa cikin wata sabuwar tuhuma. Masu cewa a ba su kuɗi su "kashe magana" galibinsu 'yan damfara ne. Uba ya tambayi ɗansa gaskiyar abin da ya faru, ya nemi littafin ƙa'idoji, in ba ya karanta Turanci ya sa amintacce ya fassara masa.

Ga hukumomin jami'a: bin ƙa'ida ba ya raunana ladabtarwa, ƙarfafa ta yake yi. Sanarwa a rubuce, da kwamitin da ba shi da son zuciya, da cikakken rubutaccen bayanin zama, su ne ke sa hukunci ya tsaya a gaban alƙali. Wanda aka zalunta ma, kamar ɗalibar da aka ci zarafinta ko malamin da aka yi wa barazana, yana da haƙƙin a saurare shi a kuma kare shi, kuma shi ne ke asara idan gaggawa ta sa kotu ta rushe hukunci.

Ga ɗalibai: rigakafi ya fi magani. A karanta littafin ƙa'idoji tun makon farko. A duba aljihu da ƙarƙashin kujera kafin a fara jarrabawa, a bar wayar hannu a waje. Kada a ba kowa aron katin shaida. A guji taron da ba a san manufarsa ba. Digirin jami'a shaida ce ta ilmi da hali gaba ɗaya, kuma ƙasa tana bukatar duka biyun. In kunne ya ji, jiki ya tsira.